Inda Layin Ya Lanƙwashe

Ƙarfe bakwai a Tunja, sanyi na cizon yatsu.
Arbey ya shigo da laka a takalmi,
lakar gonar dankalin uwarsa ce, can Siachoque.
Na ce, hau. Ya hau keken da ba ya zuwa ko'ina,
keken da aka turke kamar akuya,
na rufe masa hanci da baki da takunkumin roba,
bututu ya kwashi numfashinsa ya kai wa na'ura.

Duk minti huɗu in ƙara wa fedar nauyi.
Duk minti huɗu in tsaga fatar kunnensa,
ɗigon jini ɗaya, bai kai ƙwayar wake ba.
Manhajar nan ba ta gaisuwa,
ba ta tambayar yaya aka kwana.
Lamba take ci, lamba take amayarwa:
ga iskar da ya shaƙa, ga wadda ya mayar,
ga kitsen da ya ƙona, ga sukarin da ya ara,
ga tsamin da ke taruwa a cinya
kamar bashin mai kanti, kaɗan-kaɗan,
sai ranar biya ya zama dutse.

Shekara tara nake kallon layukan nan.
Na san yadda suke kwanciya,
su yi lamo kamar macijin da ya ƙoshi,
sannan a wuri ɗaya su fasa kai.
Wurin nan shi ne iyakar mutum ta yau.
Ta yau na ce. Gobe da nata.

A watan Maris layinsa ya yi nisa kafin ya tashi.
Yau ko rabin tudu bai kai ba.
Zuciya ɗari da tamanin da shida,
gumi na ɗiga a tayil, fanka na ta surutu,
shi kuwa ya kafa wa bango ido
kamar akwai wani tsauni a bayan fentin.

Na ce ya isa. Ya girgiza kai.
Na kashe da kaina.

Allon ya nuna kilo uku sun tafi,
ƙarfi ya bi su, kamar ɗan rakiya.
Iyakar saninta ke nan.
Ta ga ramin, ba ta ga wanda ya haƙa ba.
Na ja kujera, na miƙa masa tawul.
Na ce, me ka ci jiya?
Ya kalli igiyar takalminsa.

Ashe wani a ƙungiya ya ce masa
mai hawan tsauni sai ya zama kara.
Ashe wainar masarar da Herminda ke gasawa tun asuba,
ta naɗe a tsumma, ta cusa masa a aljihun riga,
karen maƙwabta ke cinyewa a kwanar farko.
Wata biyu. Karen har ya yi wuya.

Na yi dariya, ban so ba.
Shi ma ya yi, hawaye na bin sawun takunkumi.

Na buga takarda shafi uku:
launi biyar, matakin gudu biyar,
giram nawa a awa, ruwa nawa a gora.
A ƙasa, inda injin ya bar fili,
na sa biro na rubuta:
Ka ci abin da ta ba ka. Ka dawo bayan sati shida.

Ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun baya,
wancan aljihun dai.
Ta taga na ga ya hau nasa keken, mai tafiya,
ya kutsa tsakanin motar madara da bas.
Na share jinin da ya taɓa tebur,
na buɗe sabon shafi.
Yarinya na jira a benci, tana karkaɗa ƙafa.